Danƙon Ƙudan Zuma da Ciwon Dasashi: Ina Gaskiyar Ta Tsaya?

Shin danƙon da ƙudan zuma ke liƙe amyarsu da shi zai iya kashe ƙwayoyin cutar da ke cin dasashi har haƙora su zube? Tambayar ke nan da ke ta yawo tun da wannan danƙo, wanda masana ke kira furofolis, ya cika shafukan talla a intanet, aka kuma soma zuba shi cikin man goge haƙori da ruwan kurkure baki da maganin feshin maƙogwaro. Masu tallarsa na cewa ga magani daga halitta, ba haɗin masana'anta ba, yana gamawa da ƙwayar cuta nan take. Masu shakka kuma na cewa zaƙin bakin 'yan kasuwa ne kawai.

Kowane ɓangare ya kama wani yanki na gaskiya ya saki saura. Danƙon yana kashe ƙwayar cutar, an ga haka ƙuru-ƙuru a ɗakin gwaje-gwaje. Sai dai kashe ƙwayar cuta a cikin farantin gwaji daban, warkar da dasashin mutum daban, kuma a ratar da ke tsakanin biyun ne mutane ke rasa haƙoransu.

Ba zuma ba ne, ba kaki ba ne

A fara raba abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Zuma daga ruwan furanni ƙudan ke haɗa ta, abincinsu ce. Kaki daga jikinsu yake fitowa, da shi suke gina saƙa. Furofolis kuwa daga itatuwa suke ɗebo shi. Ƙaro ne mai danƙo da bishiyoyi ke fitarwa a kan tohonsu da inda ɓawonsu ya ji rauni, don kare kansu daga funfuna da ƙwari da ƙwayoyin cuta. Ashe tun asali magani ne da bishiya ta yi wa kanta, ƙudan zuma suka gano shi suke ara.

Ɗebo shi aiki ne ja. 'Yan ƙalilan ne daga cikin ma'aikatan amya ke yin sa, galibi idan rana ta ɗaga ƙaron ya yi laushi. Ƙudan zai gutsuro shi da baki, ya tura shi ƙafafunsa na baya, wurin da ya saba dakon garin fure. Idan ya dawo gida ba ya iya sauke kayan da kansa, don sun manne masa. Sai ya sami gefe ya tsaya, 'yan'uwansa su riƙa zuwa suna yagar danƙon kaɗan-kaɗan daga ƙafarsa, wani lokaci har sa'o'i kafin a gama. Daga nan su cuɗa shi da kaki, su toshe duk wata kafa da shi, su rage faɗin ƙofa, su shafe bangon amya. Sunan ma daga nan ya samo asali: a harshen Girka yana nufin abin da ke gaban birni, wato kamar ganuwa.

Masu kiwon zuma sun san wani abin mamaki game da shi. Idan ɓera ya kutsa cikin amya, ƙudan za su harbe shi har lahira, amma ya fi ƙarfin su ja shi waje. Sai su naɗe gawar da danƙon nan ciki da bai. Bayan watanni mai amya zai tarar da ita a bushe ƙamas, ba ruɓa ba wari. A tuna kuwa cikin amya akwai ɗumi na kusan digiri 35, ga laima, ga dubban ƙudaje a cunkushe da 'ya'yansu da abincinsu. Wuri ne da ya kamata cuta ta yi kaka-gida, amma ba ta samun yadda take so. Binciken Marla Spivak da ɗalibanta a Jami'ar Minesota ta Amurka ya nuna cewa amyar da aka shafe bangonta da furofolis ba ta kai saura yawan bakteriya ba, garkuwar jikin ƙudan cikinta kuma ta fi samun hutu.

Mutane sun lura da haka tun zamanin da. Marubutan Girka da Rum irin su Aristotal da Filini da Diyoskoridis duk sun ambace shi a cikin magungunan rauni da ƙurji. Da masana sinadarai suka tsettsefe shi, sai suka tarar kusan rabinsa ƙaro ne, kimanin kashi 30 cikin 100 kaki, saura kuma mayuka masu ƙamshi da garin fure da wasu tarkace. An ƙirga sinadarai sama da 300 a cikinsa.

Yadda dasashi ke lalacewa

Bakin mutum ba kango ba ne. An gano nau'o'in bakteriya kusan 700 da ke iya zama a cikinsa, kuma akasarinsu ba abokan gaba ba ne, wasu ma su ne ke tare wa miyagun wuri. Matsala tana farawa ne daga farin dattin nan mai laushi da ke taruwa a gindin haƙori, wanda in mutum ya kankara da farce da safe zai gan shi. Da yawa suna ɗauka ragowar abinci ne. A'a, gari ne guda na ƙwayoyin halitta da suka manne wa haƙori, suka lulluɓe kansu da wani yauƙi da suka haɗa, kamar yadda gansakuka ke kama dutsen da ruwa ke bi ta kansa. Ruwa na wucewa a kai dare da rana amma ba ya ɗauke ta. Sai an kankare.

A 1965 Harald Löe da abokan aikinsa a ƙasar Denmak suka yi wani gwaji mai sauƙi wanda har yau ake koyar da shi ga ɗaliban likitancin haƙori. Suka sami mutum 12 masu lafiyayyen dasashi, suka ce su daina goge baki kwata-kwata. Cikin kwana 10 zuwa 21 kowannensu dasashinsa ya kumbura. Da suka koma goge baki, cikin kimanin mako guda kumburin ya saɓe. Wannan shi ne matakin farko na cutar: dasashi ya yi ja, ya tasa, ana ganin jini a kumfar man goge baki. A nan komai na iya komawa yadda yake.

Idan aka bar dattin, sai ya sha ma'adinan da ke cikin yawu ya daskare kamar siminti, buroshi ba ya ƙara iya cire shi. Tsakanin dasashi da haƙori akwai ɗan kwarmi wanda a mai lafiya zurfinsa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Kumburi ya daɗe, sai dasashin ya fara sakin haƙori, kwarmin ya zama aljihu mai zurfin milimita 4, 5, 6 ko fiye. Can ƙasa babu iska, ga duhu, ga jini na tsattsafowa. Nan ne fadar wata bakteriya mai suna Porphyromonas gingivalis. Ba ta jure iskar oksijin, tana rayuwa ne da furotin da sinadarin ƙarfe na jini, har ma idan aka shuka ta a farantin gwaji mai jini sai ta yi baƙi ƙirin. Tana da wasu sinadarai masu aiki kamar almakashi, ana kiransu jinjifen, da take daddatsa naman dasashi da su, har da makaman da garkuwar jiki ta turo mata. A 1998 Sigmund Socransky da tawagarsa a Boston suka sa ta a rukunin da suka kira jan rukuni, tare da Tannerella forsythia da Treponema denticola, domin su ukun ne aka fi samu a aljihu mai zurfi mai zubar da jini.

Akwai wani abu game da ita da ya kamata mai sayen furofolis ya sani. A 2011 George Hajishengallis da abokan aikinsa suka nuna a jikin ɓeraye cewa ko da adadinta bai taka kara ya karya ba, tana iya rikita garkuwar jiki har sauran bakteriyar bakin su yi yawa su zama masu cutarwa. Amma da aka sa ta ita kaɗai a bakin ɓerayen da ba su da wata bakteriya, ƙashinsu bai zaizaye ba. Wato ita mai zuga ce, ba ita kaɗai ke ɓarnar ba. Mafi yawan ɓarnar ma jikin mutum ne ke yi wa kansa: garkuwa na ta aiko da dakaru shekara da shekaru, yaƙin ba ya ƙarewa, sinadaran kumburin su narkar da jijiyoyin da ke riƙe haƙori da ƙashin muƙamuƙin da ya dasu a ciki. Kamar gobarar da aka yi ta kwarara wa ruwa har ruwan ya zubar da ginin.

Shi ya sa cutar ba ta kama kowa daidai wa daida. Löe ɗin nan ya bi wasu ma'aikatan gonar shayi 480 a Siri Lanka tsawon shekara 15, mutanen da ba sa goge baki kuma ba su taɓa ganin likitan haƙori ba. Rahotonsa na 1986 ya nuna kashi 8 cikin 100 cutar ta ci su da gaggawa, kashi 81 a hankali, kashi 11 kuwa ba ta wuce kumburin farko ba. Gado na da hannu, shan taba na da hannu babba, ciwon suga kuma na ninka haɗarin sau biyu zuwa uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 kimanin kashi 19 cikin 100 na manyan mutane a duniya, sama da mutum biliyan ɗaya, na ɗauke da ciwon dasashi mai tsanani.

Abin da ya fi damuna da wannan cuta shi ne ba ta cika zafi ba. Mutum zai shekara goma da ita yana cin abincinsa lafiya lau, sai ranar da ya ji haƙori na girgiɗi. Mai shan taba ma jinin da zai yi masa gargaɗi ba ya cika fitowa, domin taba na matse ƙananan hanyoyin jini.

Abin da aka gani a ɗakin gwaji

An daɗe da sanin furofolis ya fi tasiri a kan bakteriyar da ba ta da rigar waje. Masu riga biyu, wato masu ƙarin fata a waje, sukan fi jure masa. Porphyromonas gingivalis kuwa cikin masu riga biyun take, don haka binciken da wasu masana na Japan suka wallafa a 2018 ya ja hankali.

Sun tace furofolis da alkohol, suka gwada shi a kan nau'o'in bakteriyar baki iri-iri. Sai ga shi Porphyromonas gingivalis ta fi saurin faɗuwa a kan bakteriyar da ke zaune lafiya a baki. Cikin minti 30 fatarta ta fara yoyo, ta mutu. Da suka zuba mata ido da wani madubi mai ƙarfi wanda ke ɗaukar motsin abu yana faruwa, sai suka ga da zarar danƙon ya taɓa ta, jikinta ya fara tayar da bororo, bororon su haɗe da juna. Suka dafa ruwan danƙon a wuta mai zafi, ƙarfinsa bai tafi ba. Suka kuma ware sinadarai uku da ke aikin: atefilin C da bakarin, masu hana ta hayayyafa, da asid ɗin usolik mai fasa fatarta gaba ɗaya.

Wannan ba ƙaramin labari ba ne, kuma bai kamata masu shakka su yi watsi da shi ba. Maganin kurkure baki da likitoci suka fi dogara da shi, kulohekzidin, yana aiki sosai, har yakan manne a baki ya ci gaba da aiki kusan sa'a 12. Amma ba ya zaɓe, da mugu da nagari duk yake kwashewa. In aka daɗe ana amfani da shi yana rina haƙora da harshe su yi ruwan ƙasa, yana dagula ɗanɗano, shi ya sa ake ba da shi na ɗan lokaci kawai. Magungunan kashe bakteriya na sha kuma duniya na ƙoƙarin rage barbaɗa su, tunda an ƙiyasta a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu sanadin bakteriyar da ta daina jin magani. Saboda haka duk abin da zai kama mai zuga ya ƙyale maƙwabta na kirki, dole masana su bi shi da gudu. Ƙari a kan haka, wasu sinadaran furofolis na danne makunnin da ke kunna kumburi a cikin ƙwayoyin jiki, kumburi kuwa mun ga shi ne ke cin ƙashi.

Daga faranti zuwa baki

A nan ne masu talla ke yin shiru. A yawancin irin waɗannan gwaje-gwaje, bakteriyar tana yawo ne tsirara a cikin ruwa, magani ya kewaye ta ta ko'ina, babu mai tsarma shi, babu inda za ta ɓuya. A baki ba haka take ba. Tana can ƙarƙashin yauƙin nan, a tsakiyar dubban maƙwabta, kuma an tabbatar bakteriyar da ke cikin irin wannan mayafi na iya jure maganin da ya ninka wanda zai kashe ta a fili sau ɗaruruwa. Na saman su mutu, na ƙasan su tashi su maye gurbi.

Sannan ga matsalar isa wurin. Ruwan kurkure baki, kowane iri ne, yana wanke saman dasashi ne, ba ya gangarawa ƙasan aljihu mai zurfin milimita 6. Ko an ɗura shi ciki da sirinji, akwai wani ruwa da ke tsattsafowa daga cikin aljihun zuwa waje babu tsayawa, in akwai kumburi ma ya fi gudu, sai ya koro maganin. Wanda ya rage a sama kuma yawu ya tsarma shi, ga shi baki na fitar da abin da ya kai rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini. Dattin da ya daskare a saiwar haƙori kuwa babu ruwan da ke narkar da shi. Ko an kashe duk abin da ke kansa yau, kaushinsa zai ba wasu wurin kamawa gobe.

Abin ya fi fitowa fili in aka koma ga ƙudan zuman kansu. Ba su taɓa dogara da danƙo shi kaɗai ba. Akwai masu aikin fitar da gawawwaki, akwai masu share ramukan saƙa tas kafin sarauniya ta saka ƙwai. Shara ce a gaba, shafe na biye. Abin da ya gagare su ɗauka kaɗai suke binnewa a danƙo. Mai ciwon dasashin da ke ɗiga furofolis a kan dattin da ya shekara a daskare, ya ɗauki rabin dabarar ƙudan ne ya bar rabin da ya fi muhimmanci.

Me gwajin mutane ya nuna?

An yi gwaje-gwaje a kan mutane a ƙasashe irin su Indiya da Barazil da Masar da Japan, kuma sun kasu gida biyu. Na farko ruwan kurkure baki ne da man goge haƙori masu furofolis, ga masu kumburin matakin farko. Da yawansu sun nuna raguwar datti da zubar jini fiye da wanda aka ba ruwan da babu magani a ciki, wasu ma sakamakon ya yi kusa da na kulohekzidin. Na biyu ga waɗanda dasashinsu ya riga ya yi aljihu ne, inda ake zuba furofolis cikin aljihun ko a ba mutum ya sha. Misali a Masar, wani gwaji da aka wallafa a 2016 ya ba masu ciwon suga da ciwon dasashi miligiram 400 na furofolis kullum har wata shida, aka ga dasashinsu da sugansu sun fi na ɗaya rukunin gyaruwa.

Sai dai a lura da abin da ke ƙunshe a cikin labarin: duka rukunonin biyu sai da likita ya kankare musu saiwar haƙora tukuna. Haka tsarin irin waɗannan gwaje-gwaje yake. Tambayar da suke amsawa ita ce ko furofolis na ƙara wani abu a kan kankara, ba wai ko zai maye gurbinta ba. Kuma yawancinsu ƙanana ne, mutum 'yan gomomi, na makonni ko 'yan watanni, alhali cutar ta shekaru ce. Da Tarayyar Ƙungiyoyin Likitocin Dasashi ta Turai ta fitar da ƙa'idojin jinyar cutar a 2020, ginshiƙan da ta kafa su ne tsabtar baki ta kullum, barin taba, daidaita suga, da kankare ƙarƙashin dasashi. Furofolis ba ya cikin abubuwan da ta ba da shawarar a ƙara.

Suna ɗaya, kaya daban-daban

Ko da gwaje-gwajen sun fi haka girma, da sauran rina a kaba. Furofolis ba abu ɗaya ba ne, domin ƙuda abin da ya samu a kusa da shi yake ɗebowa. Na Turai da Arewacin Amurka da yawancin na Sin daga itacen fofla yake, launinsa ruwan ƙasa, ƙarfinsa na cikin sinadarai irin su finosembirin da galanjin. Koren furofolis na kudu maso gabashin Barazil daga wani ɗan tsiro yake mai suna Baccharis dracunculifolia, shi ne mai atefilin C ɗin nan. A arewa maso gabashin ƙasar kuma akwai ja, daga wani tsiron bakin teku, da nasa sinadaran daban. Ko a amya guda, na bazara kan bambanta da na kaka. Sannan yadda aka tace shi ma na canza shi: alkohol na fitar da sinadaran da ruwa zalla ba ya iya fitarwa.

Ma'anar wannan ita ce, sakamakon da aka samu da wani nau'i ba hujja ba ce ga kwalbar da ke ɗauke da wani. A kan haka ne Hukumar Kula da Lafiyar Abinci ta Turai ta ƙi amincewa da iƙirarin lafiya da aka gabatar mata game da furofolis a 2010, ta ce abin da ake magana a kansa ba a fayyace ko mene ne shi ba. A Amurka kuma ana sayar da shi ne a matsayin ƙarin abinci, rukunin da hukuma ba ta tantance amfaninsa kafin ya shiga kasuwa. Wani abin da ba a cika faɗa ba: idan ƙudan zuma suka rasa ƙaron itace, sukan ɗebo fenti ko kwalta ko duk wani abu mai danƙo, shi ya sa ake samun dalma a cikin wasu samfurori na ɗanyen furofolis.

Kasancewarsa na halitta bai hana shi illa ba

Likitocin fata sun san furofolis sarai, domin yana cikin sanannun abubuwan da ke tayar da borin fata. Masu kiwon zuma da yawa na fama da ƙaiƙayi da tsagewar hannu saboda shi. A baki yakan fito da kumburin leɓe, ja da raɗaɗi, wani lokaci da gyambo. Abin takaicin shi ne mai shi na iya ɗauka ciwon ne ke ƙaruwa, ya ƙara yawan abin da yake shafawa. Jiki kuma na iya karɓarsa lafiya da farko, sai bayan an jima ana amfani da shi borin ya taso. Wanda ya san harbin ƙudan zuma ko garin fure ko wasu turaruka na tayar masa da bori, da mai asma, su ne suka fi cancantar taka-tsantsan. Mai shan maganin tsinka jini ya tuntuɓi likitansa kafin ya fara sha. Masu juna biyu da ƙananan yara kuwa ba a yi isasshen gwaji a kansu ba. Sannan wanda aka tace da alkohol mai ƙarfi, in aka ɗiga shi kai tsaye a kan dasashin da ya riga ya kumbura, ƙuna yake yi.

To ina matsayin mai ciwo?

A ganina amsar ta danganta ga matakin da mutum yake. Wanda ke goge haƙoransa sau biyu a yini da man da ke da fulorayid, sinadarin da ke kare haƙori daga rami, yana share tsakanin haƙora da zare ko ɗan ƙaramin buroshi, ya kuma so ya ƙara da ruwan kurkure baki mai furofolis, babu laifi matuƙar jikinsa ya karɓa, wataƙila ma ya ga ɗan sauƙi. Ya dai duba ko an rubuta daga ina danƙon ya fito da adadin da ke ciki, kuma kada ya musanya man da ke da fulorayid da wanda ba shi da shi don kawai an zana ƙudan zuma a jikin kwalin, gudun kada ya tsere wa ciwon dasashi ya faɗa ramin haƙori.

Wanda kuwa jini ya ƙi tsayawa bayan mako biyu yana goge baki yadda ya kamata, ko warin baki ya ƙi tafiya, ko ya ga haƙoransa sun ƙara tsawo don dasashi ya janye, ko wushirya ta buɗe inda da babu, ko mugunya na fitowa in ya danna, ko haƙori na motsi, wannan ya wuce maganar kwalba. Haɗarin furofolis a gare shi ba guba ba ne, jinkiri ne. Danƙon na iya rage jan da jinin da ke sama, mutum ya saki jiki, alhali can ƙasa ƙashi na ci gaba da zaizayewa. Ƙashin da ya tafi kuwa ba ya dawowa da kansa, ko tiyata ma a wasu wurare kaɗai take iya cike gurbin.

Abin da likita zai yi ba wani abin tsoro ba ne. Zai zura wani siririn ƙarfe mai zanen milimita a gefen kowane haƙori ya auna zurfin aljihun, in da bukata a ɗauki hoton ƙashi. Daga nan ya kankare daskararren dattin daga saiwa, sau da yawa bayan ya kashe zafin wurin, ya ce a dawo bayan wasu makonni a sake awo. A daidai wannan gaɓar, bayan an share aljihun, masu bincike ke gwada furofolis a matsayin man shafawa mai kauri da zai zauna a ciki ya riƙa sakin sinadarinsa a hankali. Kafin ya shiga jerin magungunan da likita zai rubuta, sai an fayyace nau'in tsiron da ya fito daga gare shi, an auna sinadaransa kwalba bayan kwalba, an kuma gwada shi a kan ɗaruruwan mutane na tsawon shekaru, ana ƙirga haƙoran da suka tsira.